Wurin gashin ƙashi a Ikeja: injinansu ba su burge ni ba, mataimakiyar ce ta riƙe wurin

Tunda 'yan ƙwallon unguwarmu a Agege da iyayensu sun dame ni da tambayar ina muke kai ɗan yayana gashin gwiwa, kuma ya wurin yake, bari in faɗi abun da na gani gaba ɗaya, mai daɗi da marar daɗi. Sunan wurin bazan kama ba saboda akwai ƙorafi a maganata kuma hanyar abincin mutane ce, amma kilinik ne na kuɗi a yankin Ikeja, a saman wani bene, ba asibiti bane mai kwanciya, gashi kawai suke yi, fiziyo ɗin nan dai. In maki goma ne zan basu bakwai, kuma biyar daga cikin bakwai ɗin na mutum ɗaya ne, wata mataimakiya da ko sunanta babu a allon ƙofa.

Yaron shekararsa 19, ɗan wasan gefe ne. Babu wanda ya taɗe shi, ya zo zai juya da ƙwallo ne ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya wuce, yace ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum. Aka yi hoton ƙashi aka ce ƙashi lafiya lau, sai gida aka yanke hukuncin targaɗe ne, aka kai shi wajen mai ɗori ya murza ya shafa magani ya ɗaure. Kumburi ya sauka kam, amma duk lokacin da zai sauko daga motar danfo ko ya juya da sauri sai gwiwar ta zame masa kamar ba tasa ba. Sai da aka yi MRI, hoton da ke nuna jijiya da tsoka, aka ga jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda ake ce wa ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya. Hoton ƙashi baya nuna ta, shi yasa yara da yawa a filayenmu suke yawo da ita a tsinke ana ce musu targaɗe. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san ta, ita ce ta kwantar da Van Dijk a Oktoban 2020 bai dawo gasa ba sai Agustan 2021, ita ce ta kama Rodri a wasansu da Arsenal a Satumban 2024 har ya je karɓar Ballon d'Or da sanduna. Mutanen da ke da likitocin duniya kenan fa, balle namu na Agege.

Tiyatar an yi ta a wani asibiti daban, suka ciri jijiya daga bayan cinyarsa suka yi masa sabuwa da ita. Likitan da ya yi aikin ne ya faɗa mana ƙarara cewa nasa ya ƙare a ɗakin tiyata, sauran wata tara ko fiye na masu gashi ne, in aka yi wasa da su toh kuɗin tiyatar an zubar kawai.

Ga yanda wurin yake aiki, don wannan ne mutane basu ganewa kafin su biya. Akwai oga, shi ne cikakken likitan fiziyo, ya yi digiri ya yi shekarar koyon aiki, lasisinsa na hukumar MRTB mai rajistar masu wannan sana'a a Najeriya yana rataye a bango, kuma dan Allah duk inda kuka je ku ɗaga kai ku nemi wannan takardar, don yanzu duk mai fitila ja da man zafi ya zama likitan gashi a Legas. Shi oga ranar farko zai duba ka, ya gwada gwiwar, ya karanta takardar likitan tiyata, ya rubuta tsarin da za'a bi, sai kuma bayan 'yan makonni ya sake dubawa ya canza tsarin. Tsakanin nan kuwa, wanda zai tsaya a kanka duk zuwa, ya lanƙwasa ƙafar ya ƙirga maka ya ga hawayenka, mataimaki ne. Shi bashi da ikon cewa ga ciwonka, bashi da ikon canza abun da oga ya rubuta, nasa shine aiwatarwa da sa ido da kai rahoto. Amma a lissafin lokaci, kusan duk awannin da ka biya a hannunsa kake yinsu. Kuma ba ƙaramar sana'a bace a garin nan, asalin fiziyo a Najeriya ma a nan Legas ya fara, a asibitin ƙashi na Igbobi a 1945, da Turawan Ingila biyu, kuma mataimaka suka fara horarwa a kwas na shekara uku, digiri sai a 1966 Jami'ar Ibadan ta fara.

Mataimaka biyu ne a wurin. Wadda nake magana Bayarabiya ce haifaffiyar Agege, tana jin Hausa irin ta 'yan Agege mai gauraye, ni tana ce min Alhaji ni ina ce mata Sista. Abun da ya fara jan hankalina shine bata yarda da "ai ya samu sauƙi" da baki. Tana da wata rula mai hannu biyu ta auna lanƙwasar gwiwa, duk zuwa sai ta ɗora ta rubuta digiri nawa ƙafar ta lanƙwasu, digiri nawa ya rage ta miƙe sarai, sannan ta ɗauko tef irin na tela ta auna kaurin cinya a wuri ɗaya da ta sa wa alama, ta auna lafiyayyar ma. Ranar da ta nuna mana bambancin cinyoyin biyu yaron shiru ya yi, don tsokar gaban cinya wallahi narkewa take cikin 'yan makonni in ba'a aiki da ita, ƙafar ɗan ƙwallo ta koma ta tsoho.

Mu a tunaninmu lanƙwasawa ce matsala, ita kuwa miƙewa ta sa a gaba. Tace gwiwar da ta saba zama a ɗan tanƙwashe bayan tiyata, in ta sandare a haka dawo da ita aiki ne ja, mutum zai ta ɗingishi ko da jijiyar ta warke. A gida an saba sa wa marar lafiya filo a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi, uwarsa ma haka take masa, Sista ta hana sam, tace tawul a naɗe a sa ƙarƙashin diddige gwiwa ta rataya ta sauka da nauyinta. Akwai ciwo kam. Sai matse tsokar cinya yana kwance kamar zai danna bayan gwiwa a katifa, riƙe, saki, riƙe, saki, sai ɗaga ƙafa a miƙe, sai jan diddige zuwa ɗuwawu a hankali. Abubuwa ne da in ka gani zaka ce wannan ai ko ni zan iya sa shi, me na biya? Toh zauna ka kalli yanda take yi. Tana ɗora yatsu biyu a saman ƙoƙon gwiwa don ta ji ko tsokar ce da gaske ke aiki ko da ƙugu yake satar ɗagawa, in ya yi goma uku a ciki na ha'inci ne zata ce bakwai ka yi, ƙaro uku. Da aka kai matakin tsugunno da hawa akwati, madubi take sa shi ya fuskanta, ita ta durƙusa tana kallon ko gwiwar na faɗawa ciki, don wannan faɗawar ce ke tsinka jijiyar tun farko. Yaro ya tsane ta na ɗan lokaci, a mota yana ce min Baffa matar nan muguwa ce, shi likitan da ya yanka shi kuwa kullum addu'a yake masa. Zomo dai baya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Inda ta gama saye ni shine ranar da ya zo da ƙwaurinsa ta baya a kumbure yana ciwo, ba gwiwar ba, ƙasa da ita. Ni da kaina nace Sista ɗan murza masa mana ko gajiya ce. Ta taɓa wurin ta ji da ɗumi, ta auna da tef ta ga ya fi ɗayan, sai ta janye hannu tace Alhaji wannan bazan taɓa ba sai oga ya gani. Ta kira shi a waya yana wani asibiti, ya ce kar a yi komai a wuce hoto yanzu. Ashe bayan tiyatar ƙafa jini kan iya daskarewa a jijiyar ƙwauri, in aka murza gudan na iya ballewa ya tafi huhu, nan kuma maganar rai ake. Hoton ya fito babu komai alhamdulillah, amma ita ta yi asarar zaman ranar don ba'a caje mu ba, kuma ta san inda aikinta ya tsaya. A garin da kowa likita ne, samun mai cewa wannan ba hurumina bane ba ƙaramin abu bane.

Sai maganar sallah, wadda ban taɓa zaton zata fito daga bakinta ba. Ita ta fara tambaya ya yake sallah, a ina yake kewayawa, a ƙasa yake kwana ko a gado. Domin sujada da zaman tahiya suna buƙatar gwiwa ta naɗe kusan gaba ɗaya, ga nauyi a kan inda aka yanka, mutumin da da ƙyar ya kai digiri 90 ina shi ina wannan. Tace ya yi a kujera tukuna, ta kai maganar wa oga, aka sa zaman tahiya cikin abubuwan da ake nufa a hankali kamar yanda aka sa gudu. Masai na tsugunno ma ta hana, muka sayo kujerar roba mai rami. Ta koya masa hawa bene da sanduna, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwon ke fara sauka. Ta ce a bar danfo na ɗan lokaci saboda bencinsu babu wurin miƙe ƙafa kuma direba baya jira ka gama sauka. Mu jirgin ƙasa na Red Line ya taimake mu, tunda ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agege zuwa Ikeja tasha ce kusa, daga nan mu kira tasin Bolt, don okada an hana a Ikeja tun Yunin 2022, kuma ko ba'a hana ba wa zai ɗora sabuwar tiyata a bayan babur.

Toh yanzu ƙorafi, kuma yana da yawa.

Na farko abun dariya ne abun haushi: wurin gyaran masu karaya da ciwon gwiwa a saman bene, babu lif. Zaka ga tsohuwa mai ciwon ƙugu 'ya'yanta biyu sun tallafo ta mataki mataki tana salati, in abun ya gagara mataimakan ne ke saukowa su ɗauko mutum da kujera. Na san hayar ƙasa a Ikeja ba wasa bace, amma wannan sana'ar ba ta sama bace.

Na biyu shine injinan, kuma nan ne kuɗinka ke zurarewa. Suna da fitilar nan ja mai zafi, da TENS mai wayoyi da ake manna wa a fata tana ɗan jan ka kamar ƙaiƙayi, da na'urar da ake shafa jel ana zagayawa. Ba wai basu da amfani bane, suna rage ciwo na ɗan lokaci, akwai kuma mai sa tsoka ta matse da kanta wanda ya taimaka a farkon lokacin da cinyar ta ƙi amsawa. Amma babu injin da zai mayar maka da ƙarfin cinya, sai atisaye da nauyi da gumi. Matsalar ita ce mutanenmu injin suke so, in ba'a jona musu waya ba gani suke an cuce su, wurin kuma ya gane haka. Ɗayan mataimakin, saurayi ne mai fara'a, shi salonsa kenan: ya kwantar da kai ya kunna fitila ya manna wayoyi ya ja labule ya koma kan wayarsa, bayan minti 20 inji ya yi ƙara ya zo ya canza wani, kafin ka ankara awarka ta cika ka yi atisayen minti goma. Marasa lafiya sun fi sonsa, ba ya sa kowa kuka. Duk ranar da muka faɗa hannunsa sai in duba fayil, wurin awo babu komai, sai "ya samu cigaba". Kuɗi ɗaya fa muka biya, N15,000 duk zama. Daga baya na je wajen mai karɓar kuɗi nace a riƙa duba ranar aikin Sista kafin a bamu lokaci, ta yi wani murmushi da ya nuna ba ni na fara roƙon ba.

Na uku cunkoson yamma. Daga ƙarfe huɗu in 'yan ofis suka taso, mataimaki ɗaya zai riƙe mutum huɗu a lokaci guda, ga mai shanyewar ɓarin jiki da ke buƙatar a riƙe shi yana koyon taku, ga mai ciwon baya, ga yaron da aka cire wa siminti a hannu, ga namu. Ko Sista a irin wannan lokacin ingancinta raguwa yake, tana ƙirga wa wannan idonta na kan wancan kar ya faɗi. Wannan laifin masu wurin ne da suka ƙi ƙara ma'aikata, su kuma suna ta tallar kwas ɗin zama goma a biya gaba ɗaya a samu ragi. In ka biya goman kuma ka makara saboda gosulo, daga lokacinka ake cirewa, in su suka makarar da kai kuwa sai haƙuri.

Ƙananan abubuwa: abun ɗaure gwiwa mai ƙarfe da suke sayarwa a kanta ya fi na shagunan kayan asibiti da ke Idi-Araba tsada sosai, ku je can ku saya, roba ta atisaye ma haka. In an ɗauke wuta sai an jira janareto, ɗakin ya yi zafi. Tsafta ba laifi, suna canza zanin gado suna goge kayan. Labule ne ke raba gadaje ba ɗaki ba, don haka matanmu da za'a buɗe wa ƙugu ko cinya su faɗa tun a waya cewa mace suke so kuma gadon lungu, suna yarda ba gardama, amma in baka faɗa ba wanda ke kusa shi za'a turo.

A nan ne ma nake jin haushin mu kanmu. Duk yawan Hausawan Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, 'yan dako da ke ɗaukar buhun albasa a ka har bayansu ya lalace, masu babur da suka sha karaya, 'yan dambe, 'yan ƙwallo, tsofaffi masu hawan jini da ya taɓa ɓarin jiki, mu ne kwastomomin wannan sana'a amma da wuya ka shiga wuri ka tarar da ɗanmu ko 'yarmu a cikin masu yin ta. Na ga wani dattijo ɗan Sakkwato da aka yi ta fama da shi da Turanci da broka ya ɗaga ƙafa yana kallonsu kawai, Sista ta zo tace Baba ɗaga a hankali, riƙe, sauke, shikenan aiki ya tafi. Ga mai sha'awar shiga, ya sani ba aikin zaman ofis bane. Sista tsaye take wuni, tana ɗaga mutanen da suka ninka ta nauyi, ni na ga tana dafe bayanta tsakanin marar lafiya da marar lafiya, ga wanke tawul, ga cika ƙanƙara a firiza, ga rubutu a fayil, ga zagi daga wanda kake taimako. Kuma in mutum ya warke godiyar oga ake yi wa. Amma duk wanda ke da haƙuri da ido mai lura, kuma baya ƙyamar taɓa jikin mutane, akwai aiki a ciki, kulob-kulob na ƙwallo ma nema suke.

Rigimarmu ta ƙarshe da yaron a kan komawa fili ce. Wajen wata na biyar kumburi ya tafi, yana tuƙa keken jim, yana ɗan gudu a miƙe, sai ga gasar Sallah ta unguwa, abokai suna zuga shi ai ka warke ko minti goma ka shiga. Ya samu Sista a gefe yana lallaɓa ta tace wa oga ya shirya. Tace masa ƙanina ba ni ke bada wannan izinin ba, kuma ko ni ce bazan bayar ba. Ta yi masa bayanin da ni ma na ƙaru: jijiyar da aka dasa sai jiki ya sake gina ta, kuma a watannin tsakiyar nan da mutum ke jin garau ita bata gama ƙwari ba, lokacin ne yara ke komawa su sake tsinka ta. Oga ya zo ya sa shi gwajin tsalle da ƙafa ɗaya, a auna nisan mai ciwon a auna na lafiyayyar, ƙa'idar ita ce mai ciwon ta kai kashi 90 cikin ɗari na ɗayar a tsalle da ƙarfi, kuma a cika aƙalla wata tara kafin wasan da ake juyi da karo. Bai kai ba, ko kusa, saukar ma da rangaji ya yi ta. Da idonsa ya ga tef, gardama ta ƙare, gasar a benci ya kalle ta.

Wa zan tura wurin? Mai tiyatar gwiwa ko kafaɗa, wanda aka cire wa siminti gaɓa ta sandare, ɗan wasan da idon sawunsa ke yawan gurɗewa, duk su je, amma da safe tsakanin tara da sha biyu, kuma kar a biya zama goma sai an yi biyu an ga hannun da aka faɗa. Duk zuwa ku tambayi awon yau nawa na wancan zuwan nawa, in babu amsa ku nemi oga. Ku ce a rubuta muku atisayen gida ko ku ɗauka a bidiyo da waya, don zuwa biyu a mako ba zai yi komai ba in sauran kwanakin kwance ake. Mai sabuwar karaya kuwa ko gocewar ƙashi ba nan zai fara ba, asibitin ƙashi zai nufa, Igbobi tana nan kan titin Ikorodu, ga asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH, gashi sai daga baya. Tsofaffin da basa iya hawa bene su tambayi zuwa gida, suna yi, sai dai kuɗin ya kusa ninkawa kuma kai zaka biya motar mataimakin.

Yanzu yaron ya koma zama ɗaya a mako, an fara masa gudun zigzag tsakanin robobi a farfajiyar bayan ginin, ƙwallo shi kaɗai babu abokin karo. Gwajin tsalle na gaba wata mai zuwa ne, kuma sun riga sun manna takarda a kanta cewa daga farkon watan kuɗin zama zai koma N18,000.